Kaset a Ƙasan Akwatin Mama

Laifina ɗaya a gidanmu, na iya buga takarda a kwamfuta. Sakatariya ce ni a wata makaranta, aikina wasiƙu da jadawalin jarrabawa, amma a wurin dangina duk abin da ake jona wa wuta ni ce likitarsa. Waya ta ƙi caji, a kira Auta. Talabijin ya ɗauke, a kira Auta. Don haka ranar da muka dawo daga asibitin ido, Mama ta ce in jawo mata akwatinta na ƙarƙashin gado, na san wani aiki ne zai hau kaina.

Abin da likita ya faɗa ranar bai yi daɗin ji ba. Idon dama ya riga ya tafi. Na hagu saura ɗan haske a tsakiya, shi ma ya ce ba zai yi mana alkawarin ya kai wata uku ba. Na jawo wa Mama akwatin. Ta buɗe shi, ta ɗaga zannuwanta ɗaya bayan ɗaya, ta zaro wani abu a naɗe cikin hankici yana ƙamshin turare. Ɗan kaset ne, bai kai tafin hannuna ba, an liƙa masa farar takarda gaba da baya. Na gane rubutun Baba nan take: kwanan wata a jere, kowane da alamar biro a gefensa.

"Hoton yayanki yana ciki," in ji ta. "Ina so in gan shi kafin wannan idon ma ya rufe. Wallahi Auta, idan na so kawo fuskarsa a zuciyata, kunnuwansa kawai ke zuwa."

Wannan yaya nawa ban taɓa ganinsa ba. Shi ne ɗan farin Mama, ya rasu yana shekara uku, kafin a haifi ko ɗaya daga cikinmu. Hotonsa ɗaya ne a duniya. Ka ji fa, ɗan mai hoto! Baba ya ɗauki rabin unguwa a shagonsa, amare da 'yan makaranta da masu neman aiki, amma ɗansa sau ɗaya ya ɗauka. Da ya sayi kwamfuta, lokacin ina makarantar kwana, sai ya kwashe kundin hotunan gida ya kai shago wai zai zuba su a ciki. Ya zuba kuwa, amma irin halinsa, kundin bai dawo gida ba. Iska ta yaye rufin shagon, ruwa ya jiƙa komai har kwamfutar. Baba ya ce kada a damu, ya kwafe komai a kaset. Shekara ba ta zagayo ba ya rasu. Yau shekara goma sha tara.

Na ce, "Mama, shi kaɗai ne?"

"Shi ne na gasken. Babanku da bakinsa ya ce in babu wannan, sauran ba su da amfani. Daban yake ajiye shi a aljihun tebur, ba ya bari a taɓa."

Da ina da kai, a nan zan tsaya in tambaye ta su waye sauran. Ban tambaya ba. Hankalina ya tafi kan kwalin da ta nuna min a saman kwaba, inda na'urar karanta kaset ɗin take tun rasuwar Baba. Na sauko da ita ina atishawa. Wani akwatin ƙarfe ne mai nauyin tsiya, gabansa da ɗan baki na saka kaset da fitilu biyu, bayansa da wasu bakuna biyu masu faɗi cike da ƙananan ramuka. Na juya laftof ɗina ta kowane gefe, babu ramin da ya yi kama da su ko a mafarki. Duk da haka na buɗe baki na ce, "Ki ba ni kwana biyu." Allah Ya shirye ni da bakina.

Washegari na ɗauki kwalin na nufi layin masu gyara. Shago uku suka kore ni da dariya. Ɗaya ya ce ko injin gasa burodi ne. Na huɗu shi ne wanda ake kira Injiniya, mutum mai tumbi da tabarau a goshi, shagonsa cike da gawarwakin kwamfutoci har rufi. Ya juya na'urar, ya ƙirga ramukan da farcensa.

"Anti, wannan ai ƙaramin aiki ne. Adafta kawai za a samo, ɓangare ɗaya ya shiga nan, ɗaya ya shiga laftof. Sati ɗaya."

Sati biyu da kwana uku ta yi kafin ta iso. Muka buɗe leda, sai ga shi ita ma ramuka gare ta, na'urar ma ramuka. Mace da mace, in ji Injiniya, yana sosa ƙeya. Na ce, "Malam, ba kai ka ƙirga ramukan da farcenka ba?" Ya ce ai a hoto namiji ya gani. Na kalle shi, na kalli adaftar, na haɗiye abin da ya zo bakina don ina buƙatarsa.

Kullum na tashi daga aiki sai na biya ta wurin Mama. Yawanci a bayan gida nake samunta, cikin ɗan lambunta na tumatir da alayyafo, tana lalubar ganye da hannu. Saman kunyoyin duk zaren kaset ne a ɗaure daga sanda zuwa sanda, yana walƙiya a rana don korar tsuntsaye. Dabararta ce ta shekaru, mun saba gani. Da ta ji motsina sai ta juyo da gefen hagu.

"Ya fito?"

"Saura kaɗan, Mama."

"To. Allah Ya yi miki albarka."

Wannan albarkar ta fi zagi ciwo a wurina, don na san babu abin da na tsinana.

Injiniya ya sauya shawara. Ya ce a manta da laftof, akwai wani kati da ake soka wa babbar kwamfuta a ciki, shi ke da irin bakin da na'urar take so. Ya tono ɗaya daga cikin gawarwakinsa, ya hure ƙura, ya soka a sabuwar kwamfutar shagonsa. Kebul ɗin kuma sai da muka zaga kasuwa ni da shi a tsakar rana, muka same shi wurin wani mai gwangwan, yana ɗaure da buhu. Muka jona. Kwamfuta ta ce ba ta san katin ba. Kai! Kamar yarinyar da aka nuna wa kakanta ta ce ba ta gane shi ba. Kwana huɗu Injiniya yana tono a intanet kafin ya samo manhajar da za ta sa su gaisa. Suka gaisa da kati. Na'urar kuma shiru, allo bai nuna akwai ta ba.

Ya ce kebul ne. Muka sauya kebul. Ya ce wutar shagon ce ba ta da ƙarfi. Ya ce wataƙila zafi ne, ya juya mata fankarsa, mu muna zufa ita tana shan iska. Na ɗauki hutun kwana uku a wurin aiki, shugabar makaranta tana min kallon banza, na zo na zauna a kan benci ina kallon ƙeyar mutumin nan. A rana ta uku ya daka tsalle ya ce ya gano: baki na biyu da ke bayan na'urar ba ado ba ne, dole a toshe shi da wani murfi na musamman, in ba haka ba saƙo ba ya tsayawa. Na ce wane irin murfi? Ya nuna min hoto. Wani ɗan baƙin abu ne da na gani a ƙasan kwalin tun ranar farko, na ɗauka shara ce, na jefa a aljihun jakata. Wata guda ina yawo da shi tare da makullai da man leɓe.

Ban gaya masa ba. Na ce bari in duba gida. Na fita na zaga layi, na sha ruwan leda, na dawo na miƙa masa.

Yana toshewa, sunan na'urar ya bayyana a allo. Wallahi sai da na yi guɗa a shagon mutane. Na zaro kaset daga hankici, na tura shi. Na'urar ta haɗiye shi. Fitilu suka shiga ƙiftawa, ciki ya fara ƙara mai daɗi, sirrr, sirrr. Na riga na fara tunanin girman da zan wanke hoton, in yi shi babba yadda Mama za ta gani da ɗan hasken da ya rage. Rabin minti ba a yi ba, ta tofo shi waje.

"Ƙara sakawa," in ji Injiniya.

Na ƙara. Sirrr, sirrr, ta tofo. Sau bakwai a ranar.

Daga nan aka shiga sabon babi. Ya buɗe cikinta ya goge da auduga. Ya ce wata roba ta saki, ya sauya. Ya ce manhajar kwafewa ce ba daidai ba, ya gwada uku. Ya samo wata na'urar irinta a wurin abokinsa, muka jona, muka toshe, muka saka. Sirrr, sirrr, ita ma ta tofo. A nan na fashe. Na ce masa tabaran da ke goshinsa ado ne, na ce wanda ya sa masa suna Injiniya ya cuci injiniyoyi, na ce wata biyu ya cinye min alhali uwata tana makancewa. Maƙwabtan shago suka leƙo. Shi kuwa bai rama ba, abin da ya ƙara ƙona min rai ke nan. Ya cire tabarau ya goge da riga.

"Anti, gaskiya nan ilimina ya tsaya. Akwai wani dattijo a bayan tashar mota, ya yi shekara talatin a ɗakin kwamfuta na banki. Irin waɗannan ya yi ta fama da su. Ki je wurinsa."

"Tun wata biyu ba ka san da shi ba?"

Na tattara kayana.

Ranar na biya wurin Mama, na tarar ta zuba shayi a gefen kofi, yana bin tebur, ba ta sani ba. Na goge. Ta ce, "Yanzu fuskarki ma sai kin matso sosai." Sannan ta tambaya ko ya fito. Na ce gobe, in Allah Ya so.

Dattijon, da kowa ke kira Baba Banki, yana zaune a barandarsa yana gyara rediyo. Siriri ne, ba ya gaggawar komai. Na sauke kwali, na fara zuba masa labari tun daga adafta mace, ina haki. Bai ko kalli na'urar ba.

"'Yata, ba ni kaset ɗin."

Na ba shi. Ya shinshina, ya yi murmushi saboda turaren. Ya juya shi, ya duba wasu 'yan ramuka a ƙasansa. Ya danna wani wuri da farce, murfin gaba ya ɗaga. Zaren ciki ba baƙi ba ne. Fari-fari ne, kamar tsumma.

"Kika ce tana ja rabin minti ta fitar?"

"E, Baba."

"Sau nawa kuka saka?"

"Ya fi arba'in."

Ya girgiza kai. "To na'urarki lafiyarta ƙalau. A garin nan ma babu wadda ta kai ta tsabta." Ya sa 'yar wuƙa ya ɗaga gefen takardar da mahaifina ya liƙa. Ga rubutun kamfani a ƙasa, ɓaro-ɓaro. "Wannan kaset ɗin shara ne. Ba a rubutu a kansa. Ana saka shi ya goge kan na'urar, ya fito. Waɗannan alamomin, mahaifinki yana lissafin sau nawa ya yi amfani da shi ne, don yana ƙarewa. Mutum ne mai tsari, Allah Ya ji ƙansa."

Na ce, "Baba, ku sake dubawa. Mahaifina da kansa ya ce in babu wannan, sauran ba su da amfani."

"Gaskiya ya faɗa. Idan kan na'ura ya yi datti ba ta karanta komai, kuma a lokacin samun na sharar nan wahala ne, shi ya sa ya ɓoye shi. Hotunan suna kan sauran. Za su kai biyar ko shida, masu baƙin zare, wataƙila ya rubuta musu ranakun mako. Ki kawo min ko ɗaya ne, a haɗin da kuka riga kuka yi, kafin la'asar kin ga hotonki."

Ban san yadda na isa gida ba. Wata biyu! Da ni, da Injiniya, da abokinsa, babu wanda ya ɗaga murfi ya kalli zaren. Amma ina tafe ina gaya wa kaina ai an kusa, sauran kawai za a nemo. Na shiga ina ƙwala kira tun daga ƙofa. Mama na lambu.

"Mama, sauran kaset ɗin Baba, na shago, ina suke?"

"Waɗanne?"

"Ƙananan nan irin wannan! Masu ranaku a jiki!"

"Af, tsofaffin? Ai waɗannan duk sun sha jiki, kullum cikin saka su yake yana cirewa. Na ga ba su da amfani tunda ga na gasken na adana." Ta ɗaga hannu sama ba tare da ta kalla ba. "Su nake ja wa tsuntsaye. Suna da tsawo, ɗaya sai ya yi min shekara uku. Na ƙarshen ne wannan, bara na fasa shi. Ba ke kika ɗaura min ba?"

Ni na ɗaura. Ta miƙo min shi a naɗe jikin kara, na ɗauka zaren kaset ɗin waƙa ne, na hau kujera na ja shi daga sanda zuwa sanda, ina yanka da almakashi, har ina yaba mata dabara. Na ɗaga kai. Ga shi nan a samanmu, rana ta ci shi, ruwa ya dake shi, yana kaɗawa.

Da na yi shiru. Da na ce na'ura ce ta lalace, ta zagi na'ura, a wuce wurin. Amma wata biyun nan suna cikina suna tafasa, kuma bakina bai taɓa jiran izinina ba.

"Haba Mama! Haba! Tsumman goge-goge kika naɗe a hankici shekara goma sha tara kina fesa masa turare! Babu komai a cikinsa! Hoton yana kan waɗannan, waɗannan da kika rataya wa tsuntsaye! Ba ki iya tambayar kowa ba?"

Na ji muryata ta daki katanga ta dawo. Mama ba ta motsa ba. Tumatir ɗin da ke hannunta ta ajiye a ƙasa a hankali. Ta ɗaga fuska sama, tana juya gefen hagu, tana neman walƙiyar da idon.

"Yana nan sama?" ta ce. "Duk shekarun nan?"

Kunya da haushi suka kama ni, haushin kaina ya fi yawa. Na shige ɗaki na zauna a bakin gadonta, kusa da akwatin, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Baba. Na tsani na'urar, na tsani Injiniya, na tsani Baba da liƙe-liƙen takardunsa, wanda ya rubuta kwanan wata arba'in bai iya rubuta kalma ɗaya da za ta ce mene ne abin ba. Na fi tsanar kujerar da na taka.

Na daɗe a nan. Ina ta shirya yadda zan fita in ba ta haƙuri, sai na ji takunta, tana bin bango da hannu ɗaya. Ta shigo riƙe da kwanon da take tsinkar tumatir. Zaninta duk ƙasa, hannunta da ƙarcen sanda, alamar ta bi sandunan nan ɗaya bayan ɗaya tana lalube. Kwanon cike yake da zaren, guntu-guntu, a cukurkuɗe, wani da kashin tsuntsu a jiki. Ta kwance kowane ƙulli, ba ta tsinka ko ɗaya ba.

"Mama, ki yafe min. Bakina ne."

Kamar ba ta ji ba. Ta lalubo cinyata ta ɗora kwanon.

"Na tattaro duka, har wanda ya faɗi tsakanin kunyoyi. Ki kai wa dattijon. Ba sai duka hoton ba, Auta. Ko goshinsa ne."

Na kalli kwanon. Na san abin da Baba Banki zai ce, ko ni da ba na komai sai buga wasiƙa na sani. Ta zaro hankicin nan mai turare daga jakata da ke buɗe, ta zazzage kaset ɗin sharar a kan gado, ta shimfiɗa hankicin a kan zaren, ta danna gefe-gefe don kada iska ta ɗauka.

Na ce, "To, Mama. Gobe da safe zan kai."